Rayuwar Manhaja da Amanar Masu Kula da Ita





An nemi in yi magana a kan kayan aikin da masu rubuta manhajar kwamfuta ke amfani da su wajen kula da ita, tun daga ranar da aka ƙudurta yin ta har ranar da za a yi mata ritaya. Turawa suna taƙaita sunan wannan fanni da haruffa uku, ALM. Na san a cikin wannan zaure akwai mai cewa a ransa, "Ni ɗalibin Tarihi ne," ko kuwa, "Ni akawu ne a Ma'aikatar Ilmi, ina ruwan biri da gada?" To, ina roƙon mai wannan tunani ya ba ni aron hankalinsa na ɗan lokaci.

Ranar 14 ga Mayu 2025, Magatakardan Hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya bayyana cewa an sami kuskure a sakamakon jarrabawar shiga jami'a ta masu neman gurbi 379,997, a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Bisa ga bayanin hukumar, an yi wa manhajar jarrabawa wani gyara, amma ma'aikatan ɗaya daga cikin kamfanonin da ke yi mata aiki ba su ɗora gyaran a kan wasu daga cikin manyan kwamfutocin da ke rarraba jarrabawa ba. Tilas aka kira yaran nan su sake zama. Ku dubi girman abin: yara sun yi karatu, iyaye sun biya kuɗi, gyaran ma an riga an rubuta shi, sai dai bai isa inda ya kamata ya isa ba. Irin wannan giɓi, tsakanin abin da aka yi niyya da abin da ya sauka a ƙasa, shi ne aka ƙirƙiri kayan aikin da za mu tattauna domin su toshe. Wanda albashinsa ke bi ta IPPIS, da wanda kuɗinsa ke banki, da wanda ƙanensa zai zauna jarrabawa baɗi, duk maganar ta shafe su.

Bari mu fara da ma'anar rayuwar manhaja. Mutane da yawa sun ɗauka rubuta manhaja kamar ɗinkin riga ne, tela ya gama ya miƙa, shi ke nan. Haƙiƙa ta fi kama da gidan ƙasa, wanda kowace shekara sai an yi masa yaɓe kafin damina. Da farko ana tattara buƙatu, watau abin da masu aikin ke son manhajar ta yi. Sa'an nan a tsara fasalinta, a rubuta ta, a gwada ta, a sake ta ga jama'a. Daga nan sai dogon zamanin gyara da ƙari ya kama, wanda yakan fi zamanin ginin tsawo da cin kuɗi. A ƙarshe sai a yi mata ritaya, a kwashe bayanan da ke cikinta a mayar wata sabuwa. A kowane mataki akwai mutane dabam dabam, kuma wanda ya fara aikin sau da yawa ba shi ne zai ƙarasa ba.

Wahalar wannan al'amari ba sabuwa ba ce. A watan Oktoba na 1968, ƙungiyar NATO ta tara masana kimanin 50 a garin Garmisch na ƙasar Jamus, saboda manyan ayyukan manhaja sun yi ta wuce wa'adinsu, suna cinye kuɗi fiye da ƙiyasi, kuma in an gama su sai a tarar cike suke da kurakurai. A 1975 Fred Brooks, wanda ya shugabanci aikin manhajar OS/360 a kamfanin IBM, ya fitar da littafinsa The Mythical Man-Month, inda ya nuna cewa ƙara ma'aikata a kan aikin da ya riga ya makara yakan ƙara masa makara ne. Dalilinsa lissafi ne da kowa zai iya yi a bayan littafinsa na darasi. Idan mutum 5 ke aiki tare, hanyoyin magana tsakanin kowane biyu daga cikinsu 10 ne. Idan sun kai 10, hanyoyin sun zama 45. Idan sun kai 50, sun zama 1,225. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan gaskiya ne. Amma hannu hamsin ma, in kowa yana ja ta nasa gefen, jinkar a ƙasa za ta kwana.

Yaya ake haɗa kan mutum hamsin? 'Yan'uwana ma'aikatan gwamnati sun riga sun san amsar, domin kullum da ita suke aiki. Kowace magana a ofis tana da fayil, kowane fayil yana da lamba, kowane shafi a cikinsa an ƙirga shi. Wanda duk ya yi minti sai ya sa hannu ya sa kwanan wata, kuma rajista ta san teburin da fayil ya kwana. Idan aka yi wa Babban Sakatare canjin ma'aikata, wanda ya gaje shi ba ya buƙatar ya bi shi gida ya tambaye shi. Sai ya aika a ɗauko fayil. Kayan aikin kula da rayuwar manhaja wannan tsari ne aka mayar cikin kwamfuta, kuma za mu iya kasa su gida huɗu, kamar littattafan rajista huɗu.

Littafi na farko shi ne na buƙatu. A ciki ake rubuta kowane abu guda da ake son manhajar ta yi, a ba shi lamba, a rubuta wanda ya nema da wanda ya amince. Idan an canza shawara daga baya, tsohuwar ba ta ɓacewa, tana nan a ƙarƙashin sabuwar. Masu ƙera jiragen sama da motoci sun daɗe suna amfani da irin su DOORS, wadda ta koma hannun IBM a 2008, da Polarion ta kamfanin Siemens.

Littafi na biyu shi ne rumbun rubutun manhajar kansa, tare da tarihin duk canjin da aka taɓa yi masa. Marc Rochkind ya fara irin wannan a ɗakunan bincike na Bell a Amurka a 1972, da abin da ya kira SCCS. Bayansa aka yi RCS a 1982, sa'an nan CVS da Subversion. A watan Afrilu na 2005 Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, ya rubuta Git, kuma ita ce ta mamaye fagen. A cikin Git kowane canji yana ɗauke da sunan wanda ya yi shi, da lokacin, da bayanin dalili, da kuma wani hatimi na lissafi wanda aka fitar daga abin da ke cikin canjin haɗe da hatimin canjin da ya gabace shi. Saboda haka wanda ya koma baya ya taɓa tsohon shafi, duk hatiman da suka biyo baya sai sun canza, asirinsa ya tonu. Darajar wannan rumbu ta kai har kamfanin Microsoft ya sayi GitHub, inda miliyoyin mutane ke ajiye rubutunsu, a kan dala biliyan 7.5 a 2018.

Littafi na uku shi ne na ayyuka da kurakurai. Duk wanda ya ga aibu a manhajar sai ya buɗe masa shafi, ya faɗi yadda abin ya faru. Shugaban aiki ya auna nauyinsa, ya ɗora wa mutum guda alhakin gyara. Shafin ba ya rufuwa sai wani dabam ya tabbatar an gyara. Bugzilla ta fito a 1998, Jira kuwa ta kamfanin Atlassian na Ostareliya ta fito a 2002.

Littafi na huɗu shi ne na gwaji da saki. A nan akwai na'urar da ke zaune tana jira, irin su Jenkins, wadda ta sami wannan suna a 2011. Da zarar wani ya shigar da canji a rumbu, sai ta harhaɗa manhajar gaba ɗaya, ta yi mata ɗaruruwan gwaje-gwajen da aka riga aka tanada, in ɗaya ya faɗi ta hana canjin wucewa. In duk sun yi daidai, ita ce kuma za ta ɗora sabuwar manhajar a kan kowace kwamfuta, ta rubuta wadda ta karɓa da wadda ba ta karɓa ba.

Kowane ɗaya daga cikin littattafan nan yana da amfani shi kaɗai, amma abin da ya sa aka ba fannin suna na musamman shi ne ɗinke su wuri guda, kamar yadda Azure DevOps ta Microsoft da GitLab suke yi. Amfanin ɗinkin shi ne bin sawu. A ce buƙata mai lamba 212 ta ce kada a cire wa ma'aikaci harajin wata sau biyu. Mai bincike zai iya tashi daga wannan lamba ya ga canje-canjen da aka yi dominta, ya ga wanda ya duba su ya sa hannu, ya ga gwajin da ya tabbatar da su, ya ga ranar da aka sake su da kwamfutocin da suka sauka a kai. Haka kuma zai iya tashi daga layi guda na rubutu ya koma baya har ya iske wanda ya nemi a yi shi. Mu da muka tashi a inda malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun tambayi daga wa aka ji ta, shi kuma daga wa, ba mu buƙatar dogon bayani kafin mu gane darajar isnadi. A fannin jiragen sama ƙa'idar DO-178C ta wajabta wannan bin sawu gaba da baya, haka kuma ISO 26262 ta 2011 a fannin motoci, domin a can kuskure rai yake ci.

Yanzu bari mu ga abin da kan faru in aka tsallake ɗaya daga cikin littattafan. A watan Disamba na 1998 hukumar NASA ta Amurka ta harba kumbon Mars Climate Orbiter. Takardar buƙatu ta ce a riƙa ba da ƙarfin tunkuɗar injin da ma'aunin mitirik. Wata manhaja da kamfanin Lockheed Martin ya rubuta kuwa tana ba da shi da ma'aunin fam na Ingilishi, bambancin ya kai ninki 4.45. Masu lura da tafiyar kumbon sun ga lissafi yana karkacewa tun ana hanya, amma kwamitin bincike ya gano cewa an yi ta maganar ne ta wasiƙun imel, ba a shigar da ita cikin rajistar matsaloli da hukumar ta tanada ba, wadda da ta tilasta a bi ta har ƙarshe. Ranar 23 ga Satumba 1999 kumbon da ya kamata ya wuce a nisan kilomita 226 daga duniyar Mars ya gangaro zuwa kimanin 57, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Buƙata tana rubuce, ba a gwada manhaja a kanta ba. Kuskure an hango shi, ba a buɗe masa fayil ba.

Misali na biyu ya fi kusa da abin da muka fara da shi. A 2012 kamfanin Knight Capital yana cikin manyan dillalan hannun jari a Amurka. A ƙarshen Yuli 2012 wani ma'aikaci ya ɗora sabuwar manhaja da hannu a kan kwamfutoci bakwai daga cikin takwas, ya tsallake ɗaya, kuma babu na biyu da ya duba aikinsa. A cikin ta takwas ɗin akwai wani tsohon rubutu da aka daina amfani da shi tun 2003 amma ba a share ba. Da aka buɗe kasuwa ranar 1 ga Agusta, saƙon da aka nufi sabuwar manhaja da shi sai ya tashi tsohuwar daga barci, ta shiga saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Kafin buɗe kasuwar na'ura ta aika wasiƙun imel 97 masu nuna akwai matsala, ba a yi aiki da su ba. Cikin minti 45 kamfanin ya yi hasarar fiye da dala miliyan 440, a 2013 hukumar kula da kasuwar ta ci shi tarar dala miliyan 12, kuma a wannan shekarar ya haɗe da wani kamfani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa a nan kwamfuta guda ce cikin takwas.

To, amma kada wani ya fita daga nan yana zaton sayen kayan aiki shi ne magani. Ga labari na uku, wanda nake so ma'aikatan gwamnati su riƙe fiye da sauran. A 1999 Gidan Waya na Birtaniya ya fara amfani da manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ke kula da ita. Manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗi a ƙananan gidajen waya inda babu giɓi. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da fiye da mutum 900 masu riƙe da waɗannan rassa bisa zargin sata ko ƙaryar lissafi. Wasu sun shiga kurkuku, wasu sun rasa gidajensu da mutuncinsu. Duk tsawon wannan lokaci Fujitsu yana da rajistar kurakuran da aka sani, ana rubuta su, ana ba su lamba. Sai da mutum 555 ƙarƙashin jagorancin Alan Bates suka kai ƙara, aka fito da waɗannan rajistoci gaban kotu, sa'an nan Mai Shari'a Fraser ya yanke hukunci a watan Disamba na 2019 cewa manhajar tana da kurakuran da za su iya haifar da giɓin. A watan Mayu na 2024 Majalisar Birtaniya ta yi doka ta soke hukunce-hukuncen. Darasin yana da fuska biyu. Rajista ba ta hana zalunci ba, domin masu iko da ita ba su fito da ita ba lokacin da ake ɗaure bayin Allah. Amma ranar da gaskiya ta yi halinta, rajistar nan ce ta zama shaida.

Akwai kuma wata cuta da takan kama ofis bayan an kawo kayan aikin. Shugaba ya ga na'ura tana iya ƙirga shafukan da kowa ya rufe a mako, sai ya mai da wannan ƙidaya ma'aunin ƙwazo. Nan da nan ma'aikata za su koyi raba ƙaramin aiki gida biyar, su guji babban kuskure mai wuyar gyara, su rufe shafi tun ciwon bai warke ba. Haka nan idan duk wanda ya kawo rahoton kuskure sai an tsawata masa, ba da jimawa ba littafin kurakurai zai zama fari fat, shugaba yana murna, gini yana zaizayewa ta ƙasa. Mutum 17 da suka haɗu a Snowbird ta jihar Utah a watan Fabrairu na 2001 suka fitar da sanarwar da ake kira Agile, abu na farko da suka fifita shi ne mutane da mu'amalarsu a kan tsari da kayan aiki, alhali kuwa su kansu ƙwararru ne a harkar. Sanin wurin bugu shi ne ƙira, guduma ko ta wane maƙeri ce.

Saboda haka ga shawarata ga ɗalibai masu koyon wannan sana'a. Kada ku jira sai kun kama aiki. Git kyauta ce, kuma tana aiki a kan kwamfutarka ko babu intanet. Aikinku na shekarar ƙarshe, in ku uku ne ko huɗu, ku buɗe masa rumbu tun ranar farko, ku daina yawo da kwafi barkatai a filasha, wannan an sa masa suna na ƙarshe, wancan na ƙarshen ƙarshe. Ku rubuta buƙatunku da lamba kafin ku rubuta layi guda. Kada kowa ya shigar da canji sai ɗan'uwansa ya karanta. In za ka rubuta dalilin canji, ka rubuta shi domin baƙon da zai zo bayan shekara biyar, wanda ba zai same ka ya tambaye ka ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga ma'aikatan gwamnati kuwa, da yawanku ba za ku taɓa rubuta manhaja ba, amma wata rana za a kawo muku takardar kwangilarta ku yi minti a kai. A ranar, ku tambaya a rubuce: rumbun rubutun da tarihinsa mallakar wa zai zama in kwangila ta ƙare, ma'aikata ko ɗan kwangila? Shin jami'an ma'aikata za su iya buɗe littafin kurakurai su karanta duk lokacin da suka so, ba sai an tace musu ba? Wa ke sa hannu kafin a saki gyara, kuma wace shaida za a kawo cewa ya sauka a kan kowace kwamfuta? Za a fara sakinsa ga kaɗan ne a gani, ko kuwa ga kowa lokaci guda? In ya ɓaci, ta yaya za a koma na jiya, kuma an taɓa gwada komawar? Tambayar sakin kaɗan kaɗan ba ƙarama ba ce: ranar 19 ga Yuli 2024 wani gyara da kamfanin CrowdStrike ya aika wa abokan cinikinsa gaba ɗaya ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu aiki da Windows, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci suka ɗage ayyuka. Ɗan kwangilar kirki ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba, domin amsoshinsu suna cikin littattafansa. Wanda ya fara kame-kame kuwa, ya riga ya ba ku amsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Shugaba, jama'a, a da akawu ɗaya in ya yi kuskure a lissafin albashi, mutum ɗaya ko biyu abin ke shafa, kuma washegari su zo tebur su same shi a gyara. Yau kuskuren layi guda yana iya shafar mutum dubu ɗari a dare ɗaya, kuma wanda abin ya faɗa wa bai san ƙofar da zai buga ba, abin da za a ce masa kawai shi ne, "Haka kwamfuta ta nuna." Kwamfuta kuwa ba ta nuna komai sai abin da wani ɗan Adam ya nema, wani ya rubuta, wani ya amince, wani ya saki. Aikin littattafan nan huɗu shi ne su riƙe sunayen waɗannan mutane da dalilansu, domin in an yi daidai a san yadda za a maimaita, in an yi kuskure a san inda za a gyara, kuma kada a ɗora wa marar laifi nauyin da ba nasa ba. Ku ne za ku riƙe waɗannan littattafai nan da 'yan shekaru, wasu a matsayin masu rubutu, wasu a matsayin masu sa hannu. Ku cika su da gaskiya, ku buɗe su ga mai hakkin gani.

 Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya sa mu gama karatu lafiya, ya amfanar da ƙasarmu da abin da muka koya.